Bindiga a Kafaɗar Baƙo: Abin da Ke Jiran Mai Ita a Sabo ta Badun

Tun daga rikicin kasuwar Sasa na watan Fabrairu 2021, akwai wata magana da ke yawo a zaurukan Sabo ta birnin Badun, da rumfunan 'yan canji, da karar shanu ta Akinyele, da sauran wuraren da 'yan Arewa ke taruwa a ƙasar Kurmi. Maganar ita ce wai lokaci ya yi da kowane magidanci zai nemi bindigarsa, ya kuma rataya ta a fili inda kowa zai gani, domin in an san mutum da makami ba za a taɓa shi ba. Masu faɗin haka suna da dalilinsu. Waɗansunsu sun ga rumfunansu sun ƙone ƙurmus, waɗansu sun binne 'yan'uwa, waɗansu kuwa sun kwana a tsakar gidan Sarkin Sasa da iyalinsu ba su san abin da gobe za ta haifar ba. Amma kafin saurayi ya saɓi bindiga ya fito titi, wajibi ne a gaya masa dalla-dalla abin da zai tarar tsakanin ƙofar gidansu da shataletalen Mokola, gama abin da ke jiransa ya sha bamban da abin da yake zato, kuma idan abin ya ɓaci ba shi kaɗai zai ji a jikinsa ba.

Abin da doka ta tanada

Abu na farko da zai tarar shi ne doka. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ita ce ginshiƙin wannan al'amari a Nijeriya, ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu, watau bindigogin soja irin su AK-47, da masu aman wuta, da gurneti, da ƙananan bindigogin hannu irin su fistol da libarba. Babu mai ba da lasin riƙe waɗannan sai Shugaban Ƙasa da kansa. Mutane da yawa ba su san cewa bindigar nan da ake ja a ɗana, wadda 'yan sintiri suka fi so, ita ma dokar ta fitar da ita daga cikin waɗanda farar hula zai nema ta hanyar da aka saba ba. Wanda aka kama da ɗaya daga cikin wannan kashi ba lasin, ɗaurinsa ba zai gaza shekara 10 ba.

Kashi na biyu su ne bindigogin farauta na zamani, masu baki ɗaya ko baki biyu, da masu aiki da iska. Lasin waɗannan yana hannun Sufeto-Janar na 'Yan Sanda, kuma riƙe su ba lasin yana jawo ɗaurin da zai kai shekara 5. Kashi na uku su ne bindigogin gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, watau bindigar toka ko adaka. A nan doka ta bar wa Kwamishinan 'Yan Sandan kowace jiha, da yardar Gwamna, ikon hana riƙe su sai da lasin. Ma'anar wannan ita ce ƙa'idar Jihar Kano ba lalle ta zama ita ce ta Jihar Oyo ba, kuma katin ƙungiyar mafarauta, ko takardar dagaci, komai kyaun hatiminta, ba ta zama lasin ba.

Dokar kuma ta hana a ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka taɓa samu da laifin ta da hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Daɗin daɗawa, a watan Agusta 2023 Sufeto-Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ba da sanarwar cewa 'yan sanda sun dakatar da ba da sabon lasin saboda yawan makamai a hannun jama'a. Kafin wannan, a 2018, Sufeto-Janar Ibrahim Idris ya ba da wa'adin kwana 21 a miƙa haramtattun bindigogi.

To, a ɗauka ma mutum yana da lasin sahihi. Lasin izni ne na mallaka, bai zama iznin yawo da bindiga a kasuwa ba. Sashe na 80 na Kundin Laifuffuka da ake aiki da shi a jihohin Kudu ya ce wanda ya fita bainar jama'a da makami ba da wani halattaccen dalili ba, ta yadda zai firgita wani, ya yi laifi, ana iya ɗaure shi shekara 2 a kuma ƙwace makamin. Wadda ta fi wannan tsanani ita ce Dokar Fashi da Makami, wadda gwamnatin soja ta fara kafawa a 1970 bayan yaƙin basasa, aka sake ta a 1984. A ƙarƙashinta ne aka harbe Ishola Oyenusi a bakin teku a Ikko cikin watan Satumba 1971, da Lawrence Anini a Benin cikin watan Maris 1987. Wannan doka ta ce wanda aka samu da bindiga a wurin taruwar jama'a, ta gaske ce ko ta wasa, cikin yanayin da ke nuna niyyar fashi, ɗaurinsa daga shekara 14 ne zuwa 20. Wa zai fara fassara wannan yanayi? Ɗan sandan da ya kama shi ne, shi kuwa wanda aka kama sai ya jira ranar da zai tsaya gaban alƙali, yana tsare a Agodi, kasuwancinsa na lalacewa, maigidansa na zarya tsakanin Iyaganku da ofishin lauya.

Masu tsaron hanya

Abu na biyu da zai tarar shi ne masu tsaron hanya, waɗanda yanzu sun wuce 'yan sanda kaɗai. Ran 9 ga Janairu 2020, a nan cikin Badun, gwamnonin jihohin Yarbawa shida suka ƙaddamar da rundunar Amotekun. Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya ce haramtacciya ce, amma cikin watan Maris na shekarar majalisun jihohin suka yi mata doka, ta zauna da gindinta. Ban da ita akwai 'yan OPC, da mafarautan gargajiya na Yarbawa, da 'yan sintirin unguwanni. Dukansu an kafa su ne, ko sun sami ƙarfi, saboda tsoron satar mutane da hare-haren daji, kuma hoton da ke cikin kan da yawansu na mai satar mutane shi ne hoton ɗan Arewa mai bindiga. Wannan zato zalunci ne ga dubban bayin Allah da ke neman halaliyarsu, amma yana nan, kuma wanda ya rataya bindiga ya fito ya sa wa kansa rigar da aka riga aka ɗinka wa mai laifi.

A tuna kuma cewa a watan Maris 2021 fadar Shugaba Muhammadu Buhari ta ba da sanarwar umurnin a harbe duk wanda aka gani da AK-47 ba bisa ƙa'ida ba. Wannan gwamnati ta wuce, amma darasin da jami'an tsaro suka ɗauka bai wuce ba. Daga nesa, cikin duhun magariba, ba kowane kurtu ne zai tsaya bambanta bindigar toka da ta soja ba, kuma wanda ya ji tsoro shi ke fara harbi.

Akwai kuma matsalar harshe. Ɗan ci-rani da ya sauka jiya daga Sakkwato ko Maraɗi bai iya Yarbanci ba, Turancinsa kuwa bai wuce na ciniki ba. Ɗan sintirin da ya tare shi bai iya Hausa ba. Tambaya uku za a yi masa, ya kasa ba da amsar da za a gane, mutane su fara taruwa. Daga wannan lokaci takardar da ke aljihunsa ta rage amfani, gama taron jama'a ba ya karatu.

Darasin Uromi

Wanda ke ganin wannan ƙari ne sai ya tuna da abin da ya faru ran 27 ga Maris 2025. Waɗansu mafarauta 'yan Arewa, galibinsu daga ƙaramar hukumar Bunkure ta Jihar Kano, sun taso daga Jihar Ribas cikin babbar mota za su gida yin Ƙaramar Salla. A garin Uromi na Jihar Edo 'yan sintiri suka tare motar, suka bincika, suka ga bindigogin farauta na gargajiya. Aka yi kururuwar masu satar mutane, jama'a ta taru, aka kashe mutum 16, aka cinna wa waɗansu wuta. Shugaba Bola Tinubu ya la'anci kisan, Gwamna Monday Okpebholo ya je Kano ta'aziyya ya kuma dakatar da shugaban rundunar tsaron jihar, 'yan sanda suka kama mutane. Duk wannan bai ta da ko ɗaya daga cikin mamatan ba.

A nan dole a faɗi gaskiya gaba ɗayanta. Laifin wannan ta'asa yana wuyan waɗanda suka yi kisan. Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin rayuwa a sashe na 33, da haƙƙin a ɗauke shi marar laifi sai kotu ta tabbatar a sashe na 36, da haƙƙin tafiya da zama a ko'ina cikin Nijeriya a sashe na 41. Ko da a ce mutanen nan ba su da lasin ko ɗaya, wurinsu caji ofis ne. Farauta kuwa sana'a ce ta iyaye da kakanni, a Kano kamar yadda take a Oyo. Amma mai hankali yana ɗaukar darasi har daga zaluncin da aka yi wa ɗan'uwansa. Mutanen nan mafarauta ne, sun san bindiga, suna da yawa, kuma makamansu na tare da su, amma makaman ba su cece su ba, su ne ma aka riƙe hujja a kansu. Bindigar toka harbi ɗaya take yi kafin a sake ɗura ta, shi ya sa ake mata laƙabi da harba-ka-ruga. Ko ta zamani ce, mutum ɗaya ba ya iya wa gari. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Kuma kada a ce Badun daban take da Uromi. Birni ne da ya samo asali daga sansanin mayaƙa wajen 1829, mutanensa sun san bindiga tun kaka da kakanni. A 1968 da 1969 manoman Agbekoya sun ja daga da gwamnati da bindigogin toka, har suka fasa kurkukun Agodi a watan Satumba 1969. Wanda ke zaton zai tsorata irin waɗannan mutane da abin da ya rataya a kafaɗa bai san inda yake zaune ba.

Jarin Sabo

Abu na huɗu da mai bindiga zai tarar, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne abin da zai jawo wa unguwarsa. Domin a gane wannan sai an koma ga yadda aka kafa Sabo. A farkon ƙarnin da ya wuce Hausawa suna zaune ne a warwatse cikin gidajen Yarbawa. Da aka yi ta ƙorafin sata ana ɗora wa baƙi 'yan Arewa, sai a 1916 aka keɓe musu wannan wuri kusa da Mokola, ƙarƙashin Sarkin Hausawa, wanda ya ɗauki nauyin sanin wanda ya shigo da wanda ya fita. Watau tun ranar farko Sabo ta tsayu ne a kan alkawarin cewa mutanenta za su tsaya wa junansu shaida, su kuma tsawata wa nasu.

Wani masani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna cikin Sabo a 1962 da 1963, ya wallafa littafi a kanta a 1969. Ya tarar Hausawan unguwar sun ɗan haura mutum 4,000, amma su ne ke riƙe da cinikin shanu daga Arewa da na goro zuwa Arewa. Ya rubuta cewa shanu wajen 75,000 ake sayarwa a kasuwar Badun kowace shekara, galibi bashi, ba tare da an sa hannu a wata takarda ba. Falke ya kawo shanunsa daga nesa ya sauka gidan maigida, dillali ya haɗa shi da mahauci Bayarabe, mahauci ya tafi da sa ya biya bayan makonni, maigida kuwa shi ne lamuni. Me ya riƙe wannan ciniki duka? Amana ce da sanayya. 'Yan tsiraru ne cikin babban birni, ba su da runduna, amma sun zauna shekara da shekaru suna arziki saboda kowa ya san maganarsu ɗaya ce.

Yau kasuwar ta sake kama. Karar shanu ta koma Akinyele, tumatir da albasa suna sauka Sasa da Bodija, Sabo ta shahara da canjin kuɗi da tsire. Amma jarin bai sake ba. Bayarabiya tana kawo dalolinta ta miƙa wa ɗan canji a bakin titi saboda ta amince da shi. Maigida Bayarabe yana ba Bahaushe mai gadi makullin ƙofarsa ya tafi ya yi barci. Ranar da aka fara ganin samarin Sabo da bindiga a kafaɗa, wannan amana za ta fara zubewa, kuma wanda ya fi kowa asara shi ne tsohon da ya yi shekara 40 yana tara ta.

Hausawa kan ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a zaman baƙunci maganar ba ta tsaya nan ba, gama wake ɗaya ke ɓata gari. Rikicin Shagamu na watan Yuli 1999 ya faro ne daga saɓani kan al'adar Oro, ya ci rayuka, aka yi ramuwa a Kano a kan Yarbawan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Na kasuwar Ketu a Ikko a watan Nuwamba 1999, da na Idi-Araba a watan Fabrairu 2002, da na Sabon Ile-Ife a watan Maris 2017, duk daga ƙananan abubuwa suka taso. Na Sasa kansa daga gardama ce tsakanin ɗan dako da wata mai shago a kan kayan gwari da suka zube, wani da ya shiga tsakani ya rasu, kasuwa ta kama da wuta, Gwamna Seyi Makinde ya rufe ta ya sa dokar hana fita, gwamnonin Kano da Kebbi da Neja da Zamfara suka zo jaje. In har cacar baki ta iya haifar da wannan, sai a auna abin da harsashi ɗaya zai haifar in ya fita daga bindigar ɗan Sabo ya sami yaro ɗan gari, ko da bisa kuskure ne. Mai harbin yana iya tserewa. Mai shayi da mai wankin takalma da almajiri da matan aure da ke cikin gida su ne za su biya, haka kuma Yarbawan da ke zaune a Sabon Garin Kano da na Zariya.

Ko a Amurka

Waɗansu samari da ke kallon waya kan kawo misali da Amurka, inda suke ganin mutane na shiga kanti da bindiga a ƙugu. Gaskiya ne Tsarin Mulkin ƙasar ya ba da haƙƙin riƙe makami tun 1791, kuma jihohi da yawa sun yarda a fita da shi a fili, kamar Texas da ta halatta fita da ƙaramar bindiga a sarari daga Janairu 2016. Nijeriya ba ta da irin wannan tanadi ko kaɗan. Amma ko a can ɗin, sai a dubi wanda haƙƙin ke yi wa aiki. A 1967, da baƙaƙen fata 'yan ƙungiyar Black Panther suka shiga majalisar dokokin Jihar Kalifoniya da bindigoginsu a fili, cikin shekarar nan aka yi dokar hana yawo da bindiga mai harsashi, Gwamna Ronald Reagan ya sa hannu. A watan Nuwamba 2014 ɗan sanda ya harbe Tamir Rice, yaro baƙar fata ɗan shekara 12, a birnin Cleveland, yana wasa da bindigar roba. A watan Yuli 2016 aka harbe Philando Castile cikin motarsa a Jihar Minnesota, alhali kuwa yana da lasin, kuma shi da bakinsa ya gaya wa ɗan sandan cewa yana ɗauke da bindiga. Abin lura shi ne ko inda doka ta yarda, idon jama'a yana duban fuskar mai bindiga kafin ya dubi takardarsa, kuma wanda ake yi wa kallon bare shi ne ke cikin hatsari.

To, a zauna a kashe mutane ke nan?

Wannan ita ce tambayar da masu son bindiga ke yi, kuma ta cancanci amsa. Manyan mutane ma sun yi irin wannan kira. Janar T. Y. Ɗanjuma ya yi shi a Jalingo a watan Maris 2018, Gwamnatin Jihar Zamfara kuma ta ce jama'a su nemi lasin bindiga a watan Yuni 2022, Hafsan Hafsoshin Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Doka ma ta yarda mutum ya kāre kansa da iyalinsa gwargwadon harin da aka kawo masa. Amma akwai bambanci mai faɗi tsakanin manomin da ke ƙauyen kakanninsa, inda kowa nasa ne kuma maharan daga daji suke zuwa, da baƙon da ke tsakiyar birni mai mutane miliyoyi, inda maƙwabcin da zai tsorata da bindigarsa shi ne mai sayen kayansa da safe. A ƙauye ganin bindiga yana iya kwantar da hankalin maƙwabta. A Mokola tayar musu da shi yake yi.

Ga ɗan canji kuwa, wanda ke tsoron 'yan fashi, bindiga a fili talla ce ta cewa akwai kuɗi a nan, kuma ɗan fashin da ya san mutum da makami ba ya tsayawa yi masa magana. Ita kanta bindigar kaya ce da ɓarayi ke nema. Abin da ya ceci rayuka a Sasa, kamar yadda aka yi ta ba da labari daga ɓangarorin biyu, shi ne maƙwabtan da suka ɓoye maƙwabtansu, da shugabannin da suka buɗe ƙofofinsu, da zaman sulhun da ya biyo baya.

Abin da ya kamata a yi

Ga mafarauci, wanda bindiga ce abincinsa, shawara ita ce ya tabbata lasin da ke hannunsa na hukumar 'yan sanda ne, da sunansa, kuma bai ƙare ba. In zai ratsa jihohi, ya fara zuwa hedkwatar 'yan sandan jihar da yake, kamar Eleyele a nan Badun, ya nemi bayani a rubuce kan yadda zai ɗauki makaminsa. Bindiga ta yi tafiya babu albarushi a cikinta, a naɗe, a ɗaure cikin kaya, kuma direba ya san da ita tun daga tasha. In an tare mota, shugaban tafiya ya faɗi abin da ke ciki tun kafin a gani, hannuwa a fili, ya nemi a kai su caji ofis mafi kusa. Wanda zai tafi gida Salla ya dawo, ya fi masa alheri ya bar ta a ajiye a wurin da hukuma ta sani. Kuma kafin ayari ya shiga dajin wata ƙasa, a kai gaisuwa ga Baale na wurin da shugaban mafarautansu, ta hannun Sarkin Hausawa, gama ko a Arewa ba a shiga dajin wani gari ba sallama.

Ga mai gadi, kada ya karɓi bindiga daga hannun maigidan da ya ɗauke shi aiki. Lasin na mai suna ne, ba a aronsa. Ranar da aka zo kame, ko aka yi harbi, mai gadi ne za a sa wa ankwa, maigida kuwa yana da lauya. Tocila da usur da lambar wayar caji ofis sun fi masa amfani.

Ga masu gidajen baƙi da shugabannin unguwa, lokaci ya yi da za a farfaɗo da tsohuwar ƙa'idar da aka kafa Sabo a kanta. Kowane baƙo a san maigidansa, a san sana'arsa, a san abin da ke cikin buhunsa. Limamai su yi wa samari nasiha, shugabannin 'yan acaɓa da 'yan dako da 'yan gwari su riƙa zama da 'yan sandan Mokola da kwamandojin Amotekun tun ana zaman lafiya, kowa ya san fuskar kowa da lambar wayarsa. Wanda aka samu da haramtaccen makami, mutanen unguwa su fara miƙa shi, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Gwamnati ita ma tana da nata nauyi, wanda ya fi na kowa. Doka ɗaya ce ga ɗan gari da baƙo. Ba daidai ba ne a ƙyale ɗan sintiri yana yawo da haramtacciyar bindiga a kama maharbi da bindigar toka. Duk wanda ya sa hannu a kisan taron dangi a gurfanar da shi, a kuma ga ƙarshen shari'ar, gama rashin hukunci ne ke sa mutane tunanin ɗaukar makami. A samar wa mafarauta rajista ɗaya da kowace jiha za ta amince da ita, a koya wa 'yan sintiri cewa iyakar aikinsu su kama su miƙa wa 'yan sanda, a kuma sa masu jin Hausa a shingayen manyan hanyoyin da 'yan Arewa ke bi.

Sabo ta haura shekara 100 a inda take. Ta ga zamanin Turawa, ta ga siyasar jam'iyyu da tarzomarta, ta ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ta ga rikice-rikicen 1999 da na 2021, tana nan ba ta tashi ba. Waɗanda suka riƙe ta duk tsawon wannan lokaci sun riƙe ta ne da cika alkawari, da biyan bashi, da sanin darajar masu masauki, da tsawata wa nasu. Saurayin da ke son ya kāre unguwarsa ya fara da kiyaye wannan gado, ya bar bindiga inda doka ta ajiye ta. Allah Ya zaunar da ƙasa lafiya, Ya mai da kowane matafiyi gida cikin iyalinsa.